Ludayin da Na Ƙara wa Baba Tanimu

Kwanana huɗu a Riyadh na gane cewa aikin da aka yi mini alkawari babu shi. Mutumin da ya shirya mini takardu a gida ya ce kantin kayan wuta za a kai ni, ɗaki mai sanyi, aikina kawai in riƙa ɗauko wa masu saye ƙwan lantarki da soket. Na yarda, domin shekara shida na yi ina wannan aikin a shagon kawuna a Funtuwa. Da na sauka, wani Bamisre mai magana da yawun kafilina, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya karɓi fasfona ya jefa a jaka, ya miƙo mini hular kwano da wani takalmi mai nauyi da ya yi mini yawa. Na kira lambar mutumin gida har yatsana ya gaji. Ranar farko tana shiga ba a ɗauka. Daga rana ta biyu ta daina shiga.

Aka ajiye ni a Manfuha, a wani tsohon gida da fentinsa ya ɓare, mu takwas a ɗaki biyu. Duk 'yan gida ne, Hausawa bakwai da Babarbare ɗaya. Kowa na fita da sassafe, ya dawo ba ya iya ko doguwar gaisuwa. Wanda ya fara tambayata ko ni ɗan wane gari ne, shi ne Baba Tanimu.

Baba Tanimu mutumin Malumfashi ne, dogo, gemunsa ya yi fari. Shekararsa goma sha shida a ƙasar yana tuƙa motar wani kamfani mai raba ruwan gora a shaguna da gidajen abinci. Shi ne babba a gidan, shi ake kai wa ƙara in an yi rigima a kan banɗaki ko tukunyar gas, kuma in ya ce abu kaza ne, an gama, domin ba a taɓa kama shi da magana biyu ba. Da ya ji Funtuwa sai ya ce, "Ashe maƙwabci aka kawo mini." Ya ba ni bargo, ya nuna mini ƙusar da zan rataye kayana, ya gargaɗe ni kada in fita ko bakin titi ba tare da iƙama ba, wato katin izinin zama. Kullum da safe nakan gan shi ya huda yatsansa da wata 'yar allura, ya ɗiga jini a kan wata ƙaramar na'ura, ya duba, ya rubuta wani abu a takarda. Ciwon suga ne da shi, shekara huɗu.

Wurin ginin da aka tura ni yana can arewacin birni, tafiyar awa guda a bas. Bulo nake ɗauka da buhunan siminti daga ƙasa zuwa hawa na uku, domin injin ɗaga kaya rabin lokaci a lalace yake. In rana ta take, ƙarfe ba ya taɓuwa da hannu. Abincin ranarmu burodi ne da ɗan wake da shayi. Albashin da aka ce wata-wata ne bai fara zuwa ba sai da na kusa wata uku. Na rame har sai da na ƙara wa bel ɗina huda biyu. In Innata ta kira, sai in ce mata ina kanti, sanyi ma ya yi mini yawa. Sai ta ce in riƙa sa riga mai kauri.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yunwa ta shigar da ni wani gidan abinci a Ulaisha. Ƙamshin shinkafa da kaza ne ya jawo ni tun daga titi. Na ɗaga kai na dubi allon da ke saman kanta. Larabcina na makarantar allo ne, ina iya haɗa baƙi, lambobi kuma na san su. Na ga kabsa, shinkafar nan tasu mai nama, a gefenta an rubuta dubu ɗaya da ɗari biyu. Na ga gasasshiyar kaza, ɗari shida da wani abu. Ko shayi da madara ya haura ɗari. Na taɓa aljihuna, riyal goma sha biyar ne a ciki. Mai abincin ya dube ni ya ce, "Na'am?" Na juya na fita kamar wanda ya yi ɓatan hanya.

Da na koma gida na ba Baba labari, na ce abincin garin nan na masu kuɗi ne. Sauran suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Juma'ar da ta zagayo ya riƙe hannuna har gaban allon nan.

"Duba da kyau," in ji shi. "Lamba biyu ce a kowane layi. Ƙaramar ita ce kuɗi. Babbar da ta kore ka, kalori ce."

"Mece ce kuma kalori, Baba?"

"Awon ƙarfin da abinci ke zuba wa jiki. Hukuma ce ta sa dole duk mai gidan abinci ya rubuta, don kowa ya san abin da yake sa wa cikinsa. Ƙiba ta dami mutanen ƙasar nan, suga ya dame su. Ni ma ga shi ya kama ni." Ya zaro takardarsa daga aljihu, ta sha ninki har ta yi laushi. "Likita ya yanka mini iyakar da ba zan wuce ba a yini. Ni ƙaramar lamba nake nema. Kai kuwa, da wannan wuyan naka, nemi babba."

Na nemi babba. Muka zauna a ƙasa, aka shimfiɗa mana leda. Aka kawo mini kabsa tuli, shi kuma aka kawo masa ƙaramar shinkafa da cinyar kaza da ganye. Ko a cikin wannan 'yar shinkafar sai da ya ture rabi ya tura gabana.

"Ci," ya ce. "A wurina guba ce, a wurinka magani."

Wata takwas muka yi a haka, duk Juma'a. Ban taɓa biya ba. In na sa hannu a aljihu sai ya harare ni.

A wata na tara na faɗi a wurin gini. Jiri ne ya ɗebe ni a kan matakala da bulo a kafaɗa, na karye a tsintsiyar hannu. Bamisren nan ya ce ba sa ajiye mai hannu ɗaya, ko dai in warke cikin mako biyu ko a mai da ni gida. Gida kuwa babu abin da zan koma da shi sai karaya, ga gonar da aka sayar aka yi mini kuɗin jirgi. Baba ne ya tashi tsaye. Mai kula da gidan abincin nan na Ulaisha, wani ɗan Yaman da ake kira Abu Salih, ya daɗe da saninsa, domin shi ke kai musu ruwa. Baba ya roƙe shi ya nemi a mayar da kafalata wurin maigidansu. Wata uku ana wannan fafutuka. Baba na fasa cin abincin rana ya je ofis ya bi layi, a ce masa gobe, ya koma gobe. Har yau ban san abin da ya faɗa wa Bamisren nan ya saki fasfona ba. Na tambaye shi, ya ce ba matsalata ba ce.

Na fara da wanke-wanke. Abu Salih gajere ne mai faɗa, in ya yi tsawa har titi ake ji, amma ba ya cin haƙƙin kowa, kuma ma'aikacinsa ba ya kwana da yunwa. A can na mayar da jikina. Bayan wata biyar ya ɗauke ni daga wurin ruwa ya tsayar da ni a bakin tukunyar shinkafa. Ya ɗauko ludayi ya ɗebo, ya sa gefen hannunsa ya shafe saman, ya nuna mini.

"Ya Nasiru, babban faranti ludayi biyu, ƙarami ludayi ɗaya. A shafe, ba a tule ba. Da wannan aka auna, aka rubuta lambar da ke kan allo. In ka rage, na yi sata. In ka ƙara, allon ya yi ƙarya. Kuma 'yan baladiyya, jami'an hukumar birni, ba sa sallama in za su zo duba mu. Ka fahimta?"

Na ce na fahimta.

Tun da na koma bakin tukunya Baba ya mai da wurinmu wurin cin abincin ranarsa. Bayan azahar zai faka motarsa a inuwar bango, ya shigo yana share gumi, ya ce, "Nasiru, nawa na kullum." Nasa na kullum shi ne ƙaramar shinkafa da cinyar kaza gasasshiya. Ya ci, ya dubi allo, ya rubuta lambar a takardarsa, ya tafi.

Ranar farko da na ɗebo masa ludayi ɗaya na shafe, na dubi farantin, sai kunya ta kama ni. A gidanmu ba a auna wa babba abinci. Innata in ta zuba wa Babanmu tuwo, lokacin yana da rai, sai ta ƙara malmala ta danna, ko da mu yara za mu tashi da rabin ciki. Ga mutumin da ya ciyar da ni wata takwas, ya fitar da ni daga ƙarƙashin bulo, ni kuma yau ludayi na hannuna, in tsaya ina shafe masa kamar baƙon da ban taɓa gani ba? Na waiga, Abu Salih na can yana faɗa da mai kawo kaji. Na ƙara rabin ludayi, na danne da bayansa don kada tulin ya nuna.

Daga rabi na koma cikakke. Daga nan na fara ɗebo masa ta ƙasan tukunya, inda mai da romon nama suke kwanciya, wurin da ya fi ko'ina daɗi. Wani lokaci in tusa ɗan kitsen rago a ƙarƙashin shinkafar. Wata rana yana suɗe yatsa ya ce, "Shinkafarku ta yi daɗi kwanan nan." Na ji kamar an ba ni kyautar mota.

Zan yi ƙarya in na ce ban san yana da ciwo ba. A gabana yake huda yatsa. Amma sani iri-iri ne. Na sani kamar yadda kowa ya san wata rana zai mutu, ba ya hana shi shirin kasuwar gobe. Na ce a raina, ludayi ɗaya me zai yi wa ƙaton mutum mai ɗaukar gorunan ruwa yini guda? Lambobin nan na masu zama a ofis ne. Shekara ɗaya da wata huɗu ina yin haka, kwana shida a kowane mako.

Alamu sun zo, na gan su. Ya fara shan ruwa kamar ba ya ƙoshi. In zai karanta saƙo a waya sai ya nisanta ta ya kusanto, ya ce waɗannan mutanen sun ƙanƙance rubutu. Takalmi ya ji masa ciwo a yatsan ƙafa, aka yi wata biyu bai warke ba, yana ɗaure shi da tsumma yana taka birki da shi. Da safe in ya dubi na'urarsa sai ya yi tsaki, ya ce ta tsufa, tana ba da lambar banza. Ni kuma in ce, "Gaskiya ne, Baba, a sayi sabuwa."

Wata Talata da la'asar wayata ta yi ƙara ina tsakiyar zuba abinci. Abokin aikinsa ne, wani ɗan Sudan. Ya ce Baba ya hau kan dakalin titi da mota, bai ga kwanar ba, da suka fito da shi ba ya gane mutane. Na ajiye ludayi na fita da rigar aiki a jikina.

Kwana uku kafin ya dawo hayyacinsa sosai. Ina zaune a gefen gadonsa likitan ya shigo, wani matashi mai gilashi, da alama ya gaji. Ya duba takardu, ya buɗe ƙafar, ya rufe. A lokacin Larabcina ya isa in ji duk abin da aka faɗa.

"Ya Hajji, me kake ci?"

Baba ya sa aka miƙo masa rigarsa, ya zaro takardun nan nasa, damin guda da ya ɗaure da roba. "Ga shi, likita. Kullum ina rubutawa. Ban taɓa wuce abin da aka yanka mini ba."

Likitan ya ɗan bubbuɗe su, ya ajiye a kan gado. "Takarda kowa na iya rubuta abin da yake so. Jininka ba ya ƙarya. Ya nuna watanni kana cin abin da ya fi ƙarfinka. An rubuta muku lamba a kowane gidan abinci, a gaban idonku. Hukuma ta yi nata. Ba za mu bi ku mu riƙe muku cokali ba. Sauran naka ne, kuma ba ka yi ba."

"Wallahi abin da ke allo nake rubutawa."

"To allon ne ya ci shinkafar?" in ji likitan. Ba da mugunta ya faɗa ba, irin maganar wanda ya ji rantsuwa ɗari a mako ce.

Baba ya juya fuskarsa bango. Dattijon da gida guda ke yanke hukunci da maganarsa, an ce masa maƙaryaci a gabana, kuma amsar tana bakina. Na buɗe baki, na tuna Abu Salih, na tuna baladiyya, na tuna iƙamata da ke hannun maigidanmu, na tuna bulo. Na rufe bakina. Na tattara takardun na mayar masa a aljihu.

Aka yanke masa yatsu biyu. Aka gwada idonsa, aka ce ba zai ƙara tuƙi ba. Kamfaninsu bai wulaƙanta shi ba, amma bai riƙe shi ba. Aka buga masa bizar fita ta ƙarshe, aka ba shi wata guda ya tattara.

A cikin watan nan abinci ya daina shiga mini. Ina zuba wa mutane ina shafe ludayi har ya wuce ƙa'ida, wani ya yi ƙorafi an rage masa. Abu Salih ya ja ni bayan firji ya tambaye ni me ke damuna. Na faɗa masa duka, na jira tsawa. Bai yi ba. Ya zauna a kan buhun shinkafa ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Na gan ka," ya ce. "Tun makon farko. Na ce yaro ne yana girmama ubansa, in na hana shi na zama mara mutunci. Na kau da kai." Ya share fuskarsa da tawul. "Ba ni za ka gaya wa ba. Tafi ka gaya masa."

Sai da ya rage kwana uku na iya. Na raka shi kasuwar Dira sayen tsaraba. Yana dogara sanda, ƙafar a naɗe cikin wani babban silifa. Ya saya wa matarsa turaren wuta da mayafi, ya saya wa jikokinsa dabino da 'yan agogon roba, yana ciniki yana dariya da masu shago kamar ba abin da ya faru. Da ya gaji muka zauna a wani benci kusa da wata tsohuwar ganuwa ta laka, rana ta yi sanyi, tattabaru na yawo a fili.

Na ce, "Baba, akwai maganar da na riƙe."

"Faɗi."

"Shinkafar da nake zuba maka ba ludayi ɗaya ba ce. Biyu ce. Ta ƙasan tukunya, mai mai. Tun da na fara. Lambar da kake rubutawa ba ta abin da kake ci ba ce."

Bai dube ni ba. Ya juya sandarsa a hannu sau biyu.

"Ranar nan a asibiti kana wurin," ya ce.

"Ina wurin."

"Ka ji abin da ya ce mini."

"Na ji."

"Ka yi shiru."

"Na ji tsoro, Baba."

"Wannan ta fi yi mini ciwo a kan yatsun," in ji shi. Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ledar dabinon da ke cinyata.  Wani mai shara ya zo ya wuce mu.

Can ya yi ajiyar zuciya. "To, tunda ka faɗi taka, bari in faɗi tawa. Kana tsammanin ban san nauyin ludayi ɗaya ba? Shekara bakwai ina cin sa. Tun rana ta uku na gane. Farantin ma a hannu ya fi nauyi."

Na ɗago na dube shi.

"Na gane, na ci. Na dubi allo na rubuta abin da ke allo, na ce ai ban yi ƙarya ba. Na'ura ta gaya mini gaskiya, na ce ta tsufa. Rantsuwar da na yi wa likita ma, ka ji yadda na karkata ta. Yaron nan, likitan, bai zalunce ni ba." Ya juyo ya dube ni. "Nasiru, shekara goma sha tara ina cin abincin da aka zuba wa kowa. Ka biya, a miƙo maka, wanda ya miƙo bai san sunanka ba. Rabon da wani ya zuba abinci yana tunanin ni ne zan ci, tun ina gida. Da na ga ka danne shinkafar nan da bayan ludayi, yadda matata Balaraba take yi, na kasa cewa ka daina. Kwaɗayi ne, amma ba na shinkafa kaɗai ba."

"Da ban ƙara ba, da yanzu kana kan motarka."

"Wa ya gaya maka? Ciwon nan ya girme zuwanka. Wataƙila da ya ba ni shekara biyu, wataƙila da bai ba ni ba. Allah ne ya sani, kada ka ɗauki abin da ba naka ba. Naka shi ne ka zuba, kuma ka yi shiru. Nawa shi ne na ci, na yaudari kaina. Kowa ya riƙe nasa." Ya buga sandar a ƙasa a hankali. "Na yafe maka duka biyun. Amma ka ji: in ka ƙara son mutum, tambaye shi abin da zai amfane shi. Kada ka yanke masa a ɓoye."

Ya miƙo hannu na ɗaga shi. A hanyar komawa ya sa na tsaya na saya masa ruwa, ya ce maƙogwaronsa ya bushe da surutu.

Ranar tafiyarsa duk gidan muka fito. Babarbaren nan, wanda ba ya magana da kowa, shi ya ɗauki babbar jakar a ka har bakin mota. Abu Salih ya aiko da kwalin dabino da gaisuwa, ya ce ba zai iya zuwa ba, amma na san kunya ce ta hana shi. A filin jirgi aka sa Baba a keken guragu, ya yi ta faɗa yana cewa ƙafarsa ɗaya da rabi ta ishe shi. Haka aka tura shi ya shige, yana ɗaga sanda sama ba tare da ya waiwayo ba.

Ni ina nan har yanzu a bakin tukunya. Gadon Baba wani ɗan Daura ne a kai. In an yi rigimar gas yanzu sai dai a yi ta yi har kowa ya gaji.

Bayan tafiyarsa da mako uku, ina hutun rana a bayan shago, kira ya shigo da lambar gida. Muryar mace ce, babba.

"Nasiru ne? Balaraba ce, matar Babanka Tanimu."

Na miƙe tsaye kamar tana gabana. Muka gaisa, na tambayi jikinsa, ta ce da sauƙi, ciwon ƙafar na kamewa.

"Abin da ya sa na kira ka," in ji ta, "abincinsa ne ya gagare ni. Nan ba wanda ya san wannan lissafin nasu. 'Yan'uwa kullum suna aiko masa da kwano, wannan waina, wannan fura, wannan tuwon shinkafa, an ce ya dawo daga Saudiyya a rame. In na hana a ce na hana shi cin arzikin danginsa. Na tambaye shi nawa zan zuba, ya ce in tambaye ka, kai ka san awon."

Na shiga kicin da wayar a kunne. Na ɗauki ludayinmu na ɗebo shinkafa na shafe, na nemi abin da na san akwai irinsa a kowane gida a Malumfashi. Na sami gwangwanin madara babba, na juye a ciki, ya tsaya daidai baki.

"Inna, kin san gwangwanin madara babba? Shi ɗaya, dafaffiya, a shafe, ba a tule ba. Ki yawaita masa ganye, zogale ko rama, mai kaɗan. Sauran kwanukan ki karɓa ki yi godiya ki ba yara. Kuma ki kai shi asibiti su duba, su za su fi ni sani."

"Gwangwani ɗaya? Wannan ƙaton mutumin? Shekara goma sha tara ina jiran ya dawo in ciyar da shi, sai in auna masa kamar kaza?" Muryarta ta karye a ƙarshen maganar.

Daga nesa na ji tasa muryar, yana ɗaga ta don in ji. "Ki ce masa ya ƙara rabi! Rabi kawai!"

Ta yi 'yar dariya cikin hawaye. "Ka ji shi. In ƙara?"

Na riƙe gwangwanin, shinkafar na ƙona mini yatsu.

"Kada ki ƙara, Inna," na ce. "Ko ya yi fushi. Ki ce ni na hana."